Aikin Safiya a Gidan Kawu

Daga wurin Allah muka zo, wurinSa za mu koma, kuma a daminar nan Kawu ya riga mu komawa.

An kai shi bayan azahar, ana yayyafi. Kafin la'asar layinsu na Malali ya cika, har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar maƙwabta. Ni ina falo cikin mata, kusa da taga, maganganun maza suna shigo mini guntu-guntu tare da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abokan aikinsa na ma'aikata, waɗanda suka yi ritaya tare, sun zo cikin manyan riguna. Wani mai rawar murya a cikinsu ya ce lokacin da aka fara kawo kwamfuta ofishinsu, lulluɓe ta suke yi da ƙyalle, kowa na tsoron ya taɓa ta lalace a ce shi ne. Sai Kawu ya yaye ƙyallen ya ce, "Ku taɓa. In ta mutu ni na kashe ta." Aka yi dariya kaɗan, irin ta gidan makoki da ake saurin haɗiyewa.

Ladan ya ce wa jama'a ruwan da suka yi alwala da shi yau na mamacin ne, kuma gobe ma zai zo. Ba kowa ya gane abin da yake nufi ba.

Mai shayin da ke tsallaken titi bai iya zama cikin manya ba. Ya zo bakin ƙofar falo ya durƙusa don ya gai da Umma, mahaifiyata, ƙanwar Kawu. Idanunsa sun yi ja.

"Hajiya, wallahi duk shekarun nan bai taɓa shan shayina da zafi ba. Zai fito masallaci da hantsi ya zauna, ina ajiye masa kofi waya za ta yi ƙara. Ya tashi ya shige tsohuwar motar nan da ke gindin dalbejiya, ya ja gilashi. In ya fito ya kurɓa, sai ya ce, 'Kai, ka cuce ni, wannan ai zoɓo ne.'"

Umma ta yi murmushi tana hawaye. Ta ce haka yake da rigima, ko a gadon asibiti, mutumin da ba ya iya haɗiyar komai, kullum da safe sai ya kore ta neman ruwan zafi, ta dawo ya ce ya fasa.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta yi kuka da yamman nan ba. Inna, matar Kawu, tana ɗakinta a bakin gado, ta ɗora hannuwa kan cinya, tana tambayar duk wanda ya shiga ko sunan wa ake yi, da gida ya cika haka.

An gaya mata da safe. Ta yi kukan da har yanzu in na rufe ido ina jin sa. Bayan azahar ta manta, aka sake gaya mata, ta sake yin kukan daga farko, sabo fil, kamar ba a taɓa yin sa ba. Daga nan Umma ta ce duk wanda ya ƙara gaya mata ba ta yafe ba.

Shekarun baya ne mantuwa ta fara cin Inna. Ta fara da sunayen jikoki, ta bi ta hanyar kasuwa, ta zo kan fuskoki. Ranar da ta kai kan fuskar Kawu ina gidan. Ya shigo da faranti da maganinta na hawan jini da na sukari, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Wane tsoho ne wannan yake shigo wa matan aure ɗaki?" Kawu ya tsaya da farantin a hannu. Ya ce, "A gafarce ni, Hajiya, ɓatan kai na yi," ya fita. Na same shi a baranda yana goge gilashin idonsa, ya daɗe yana gogewa.

Mijin da Inna ta riƙe saurayi ne mai baƙin gashi, yana ofis, zai dawo da yamma. Ba ta karɓar magani a hannun kowa, don ita a ganinta lafiyarta ƙalau, kuma ba ta san mu ba balle ta yarda da abin da muka ba ta. Amma kunnenta bai manta ba. Wata rana ta ji muryar Kawu ta bayan taga, ta miƙe tana gyara ɗankwali. Cikin makon nan ya kafa ƙaramin akwati mai lasifika a kan durowar ɗakinta. Kullum da hantsi, lokacin yana waje, akwatin zai yi sallama da muryarsa, Inna ta amsa, ta sha magani. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Na'ura ce, na ɗauki muryata na sa mata." Anti, babbar 'yarsu da ke jinyarta, takan ajiye faranti da kofin ruwa, da ta ji sallamar ta fice ta ja ƙofa. Ko a na'ura ne, wace 'ya ce za ta tsaya tana sauraron abin da ubanta ke ce wa uwarta?

Har kwanakin da ya yi a asibiti akwatin bai fasa ba. Washegarin jana'iza ya yi shiru.

Anti ta jawo ni kicin ta riƙe mini hannu da ƙarfi. "Ke ce kika san kan abubuwan nan nasa. Don Allah ki duba. Tun safe take kallon akwatin."

Gaskiya ne, ni na sani, don shi ya koya mini. Sunan mahaifiyar su Kawu da Umma aka sa mini, saboda haka duk 'yan ɗakinsu Uwata suke kira na, amma Kawu ne kaɗai ya ɗauki abin da gaske. Ina ƙaramar sakandare yake zaunar da ni gaban kwamfuta ya ce, "Uwata, zo ki ga shirmen da ɗanki ya yi yau." Ni yarinya ce mai yawan kallon gajimare, malamai suna rubuta wa Umma cewa hankalina ba ya aji. Kawu ya ce a ƙyale ni, wanda ke iya zama shiru yana ganin abin da babu shi ne ke iya rubuta manhaja. Shi ya cika mini takardar jami'a. Ranar da na sami aiki a wani kamfani a Doka, ya zo har bakin ofis da motarsa mai tari, ya ƙi shiga, ya ce shi dai ya zo ya ga ƙofar.

Bayan ritaya ya mayar da gidansa ofis. A bayan talabijin akwai wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanki girma ba. A cikinta ya sa irin manhajar da masu sana'armu ke amfani da ita don kada su riƙa maimaita aiki da hannu: ka rubuta aiki, ka raɗa masa suna, in an kira sunan sai aikin ya gudana da kansa. Babban aikin gidan sunansa safiya. Da gari ya waye zai tashi, ya tayar da famfon rijiya, ya duba ko batirin sola ya cika, ya buɗe famfon waje na maƙwabta, da hantsi kuma ya kunna akwatin Inna.

Sai dai in ka buɗe fayil ɗin safiya ba za ka ga ko ɗaya daga ayyukan nan a rubuce ba. Sunaye ne kawai, da inda kowanne yake zaune. Kowane aiki yana cikin ƙunshinsa daban, wasu ma ba a cikin 'yar kwamfutar suke ba, suna wata na'ura can, sai ta aika ta kira su. Kawu yana ce wa babban fayil ɗin zaure. "A zaure ba a girki, Uwata. Tsayawa ake a yi sallama, mai aikin ya fito."

Ƙunshin famfon maƙwabta a masallaci ya ajiye shi, cikin wata tsohuwar na'ura a kabad ɗin ladan, kuma ya tsara shi yadda ko zaure bai kira ba, in lokaci ya wuce zai buɗe ruwan da kansa. Na tambaye shi dalili. Ya ce akwai shekarar da yaran layi suka fasa masa gilashin mota, ya yi fushi ya rufe famfon yini guda, da yamma ya ga wata tsohuwa ta juya da bokiti ba ruwa. "Na gane ba ni da amana in raina ya ɓaci. Shi ya sa na kai shi inda hannuna ba ya kaiwa da sauri. Kafin in sa takalmi in je masallaci na huce."

A kan wannan tsarin muka yi faɗanmu ɗaya tilo. Na fara aiki ke nan, kaina cike da abin da na koyo. Na ce masa tsarinsa yana da rauni: in na'ura ɗaya ta mutu, zaure zai yi ta sallama ba mai amsawa. Ya kamata a kwafo komai wuri ɗaya, ko aƙalla a ajiye kwafi.

"To Injiniya," ya ce, "mun ji."

"Da gaske nake, Kawu. Musamman na Inna. Ina yake ma?"

"Yana inda yake."

Ƙunshin Inna yana cikin kwamfutarsa ta cinya, wadda ba ta barin teburin ɗakinsa kuma ba a kashe ta. Tana buɗe a gabanmu. Na miƙa hannu zan duba, sai ya rufe murfin har ya kusa datse mini yatsa.

"Aikin da ba naki ba, ki san sunansa da ƙofarsa, ya ishe ki!"

Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ɗauki jakata na tafi gida Hayin Banki ina kuka a Keke. Kwana biyu ban je ba, shi ma bai kira ba. Ranar Juma'a sai ga tarin motarsa a ƙofar gidanmu. Ya shigo da ƙullin gurasa da ƙuli, ya ajiye a gabana, ya zauna a ƙasa kan darduma, ya ce wa Umma, "Ki tambayar mini uwata, ana yaye ɗa mai furfura?" Muka shirya. Maganar ƙunshin kuwa ba mu sake tayar da ita ba.

Yanzu ga ni durƙushe a bayan talabijin, mata na ta addu'a a kaina, ina karanta abin da 'yar kwamfutar ta rubuta da safen nan. Famfo ya tashi. Sola lafiya. Ruwan maƙwabta ya buɗe. A layin ƙarshe ta ce ta kira ƙunshin Inna ba ta same shi ba. Dalili a fili yake. Bayan an dawo daga maƙabarta, Kawu Babba, yayansu Umma da ya zo daga Zariya, ya shiga ɗakin mamacin ya kashe duk abin da ke kunne, ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihu. Haka ake yi a gidanmu. Ɗakin mamaci ba a buɗe shi sai magada sun hallara, malamai sun zauna.

Na ce wa Anti abu ne mai sauƙi, muryar tana cikin ɗakin, kunna kwamfuta kawai za a yi. Anti ta je ta sami Kawu Babba. Ta dawo ba makulli, ta ci gaba da yanka albasa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma saboda su nake wannan rubutu. Mun daka maganin mun zuba a kunu. Inna ta kurɓa sau ɗaya, ta tofar, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Me na yi muku?" Daga ranar ta daina karɓar kunun ma, sai ruwan da ta ga an ɗebo a gabanta. Umma ta gwada lallashi, Anti ta gwada faɗa, ni na gwada ƙarya, na ce Malam ne ya aiko, don haka take kiran Kawu. Ta ce, "In shi ne ai da ya faɗa mini da bakinsa." Ƙafafunta suka fara kumbura. Takan riƙe ƙeya ta runtse ido. Likitan da ke duba ta ya zo ya gwada, ya naɗe abin awonsa a hankali, ya ce in aka ci gaba haka sai an kwantar da ita, kuma a yadda take ba za ta yarda da allura ba sai an danne ta. Anti ta fita bayan gida ta yi amai.

Na nemi muryar Kawu ko'ina. Mutum ne da bai taɓa aika saƙon murya ba, rubutawa yake yi, da waƙafi da aya, ko da "to" zai ce. Na duba bidiyon bikin Anti, ga shi nan yana magana, bakinsa na motsi, kiɗa ya danne komai. Wata abokiyar aikina ta ce akwai manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum in an ba ta ɗan guntu. Guntun ne ba ni da shi. Mutumin da ya cika mini kunne tun ina yarinya, na rasa ko tarinsa. Na fara jin tsoron ni ma muryar tana zame mini, ina kiran ta a zuciya tana zuwa a dishe, kamar ana magana daga tsallaken kogi lokacin da ya cika.

Kowace safiya da hantsi Inna takan gyara ɗankwali ta juya ga akwatin. In shirun ya yi tsawo sai ta ce, ba da kowa take ba, "Ko aiki ne ya yi masa yawa."

Ranar da ta kasa tashi zaune sai da aka tallafe ta, na fita zaure wurin Kawu Babba. Ɗan kasuwa ne, mai shagon yadi, dogo, mai muryar da ake ji daga farkon layi. Ban taɓa doguwar magana da shi ba. Yana zaune shi kaɗai, ya sa wayar marigayi a caji kusa da shi, don har lokacin akwai masu kira da ba su ji rasuwar ba, shi yake amsa musu. Na durƙusa na gaishe shi. Na yi bayani yadda zan iya: ba zan ɗauki komai ba, ba zan goge komai ba, maɓalli ɗaya zan danna.

"Uwata, kayan nan ba nawa ba ne, ba naki ba ne. Ɗansa namiji bai iso ba. Na ga gidan da aka buɗe ɗaki don a ɗauko carbi, yau shekara da shekaru 'ya'yan ba sa gaisawa. Ni za a tambaya gobe a gaban Allah."

"In Inna ta bi shi fa, Kawu, wa za a tambaya?"

Ya dube ni da sauri. "Rai a hannun Allah yake."

"Makullin kuma yana aljihunka."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Na ƙara sunkuyawa har goshina ya kusa taɓa tabarma.

"Tun ina zanen goyo kuke ce mini uwarku. Ban taɓa neman komai da sunan nan ba. Yau uwarka ce take roƙonka."

"Kada ki yi mini haka," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Yarinyar nan, kada ki yi mini haka."

Ya daɗe yana kallon ƙofar gida. Sannan ya zare wayar daga caji ya sa a aljihun gaba, ya miƙe. "Kira uwarki ta tsaya shaida. Ko tsinke ba zai fita ba."

Ɗakin yana ƙanshinsa. Hulunansa a jere kan kabad, gilashin idonsa a kan littafin da bai gama ba, takalmin masallaci a bayan ƙofa, ɗaya ya hau ɗaya. Umma ta jingina da bango ta toshe baki. Na ɗaga murfin da ya taɓa rufewa a kan yatsuna, na kunna. Kalmar sirrin na san ta, ni na taya shi sa ta.

Na fara neman fayil ɗin sauti, don in san inda muryar take. Babu. Na sake nema ta wata hanya, na bi kowane lungu. Babu ko ɗaya a duk kwamfutar. Na buɗe ƙunshin Inna, ina neman gafararsa a zuci. 'Yan layuka ne, ba su cika allo ba. Na karanta su, na sake karantawa, kaina ya ƙi ɗauka.

"Yaya dai?" in ji Kawu Babba. "Ta lalace?"

Hantsi ya riga ya yi. Na rubuta sunan aikin na danna.

Waya ta yi ƙara a aljihun Kawu Babba.

Ya zaro ta yana dubawa. A fuskarta an rubuta Gida. Ya dube ni, na dubi Umma. Abin da layukan suka ce ke nan: a kira wannan lamba, in an ɗauka a haɗa ta da akwatin ɗakin Inna. Ba a taɓa ɗaukar wata murya ba. Shi ne da kansa, kowace safiya, cikin mota a gindin dalbejiya da gilashi a rufe, shayinsa na hucewa. Ya ce mana na'ura ce don kada 'ya'yansa su san tsoho kamarsa yana zama yana lallashin matarsa.

"Ruwan zafi," Umma ta ce a hankali. "Wayyo Yaya. Ashe kora ta kake yi."

Wayar na ta ƙara. Ɗakin Inna yana kallon wannan, tsakar gida ce kawai a tsakani, ƙofarta a buɗe. Kawu Babba yayan miji ne. Tun da aka kawo Inna gidan nan tana amarya, tsakaninsu gaisuwa ce daga nesa, ita a durƙushe, shi yana kallon gefe. Ya riƙe wayar kamar garwashi.

"Ka ɗauka," Umma ta ce. "Don girman Allah, ka ɗauka."

Ya ɗauka. "Salamu alaikum."

Sallamar ta fito daga can ɗakin, a tausashe. Ban taɓa lura ba, saboda kullum da ƙarfi yake magana, ashe in ya sassauta muryarsu ɗaya.

"Malam!" Muryar Inna ta fito ta wayar, ta kuma ratso tsakar gida. "Sai yanzu? Ina ka shige? Gida ya cika da baƙi ba ka ce mini komai ba, kuma wasu yara sun dame ni da ƙwayoyi."

Umma tana gyaɗa masa kai da ƙarfi. Ni ma na haɗa hannuwa ina roƙonsa da ido: ka ce e, kalma ɗaya ce, ka ce kai ne. Ya rufe idanu.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Yayansa ne."

Na ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashina. Na ce shi ke nan, mun buɗe ɗakin a banza, gobe za a danne ta a gadon asibiti tana kiran sunan wanda ba zai zo ba.

Sai muka ji motsin mayafi.

"Yaya?" Muryarta ta canza, ta koma ƙarama, ta amarya. "Ina kwana, Yaya. An zo lafiya? Ya mutanen Zariya?"

"Lafiya lau. Suna gaishe ki. Malam ne ya sa aka kira ni. Maganinki yana gabanki?"

"Yana nan."

"To ki sha."

"To, Yaya."

Anti tana tsaye a bakin ƙofar uwarta. Wannan karon ba ta fita ba. Muna kallon bayanta, ba ta motsi. Can ta juyo, fuskarta jiƙe, ta ɗago farantin sama don mu gani. Ba komai a kai.

Mantuwa ta cinye fuskar mijinta da sunayen 'ya'yanta, amma ba ta kai ga wannan ba: ba a yi wa yayan miji musu.

"Yaya," Inna ta sake cewa.

"Na'am."

"In ka gan shi, ka ce masa..." Muka ji 'yar dariyar kunya. "A'a. Ba komai."

Kawu Babba ya kashe wayar ya zauna a bakin gadon ƙaninsa, shi da ya ce ko tsinke kada a taɓa. Ya ɗora babban hannunsa a kan fuska. Da ya sauke sai ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko kullum take ƙara. Na ce kullum da hantsi. Ya ce ko yana Zariya? Na ce ko yana ina.

"A bar abin nan a kunne. In magada sun tambaya, ni na ce."

Ya kulle ɗakin da kwamfutar tana aiki a ciki. Ta ƙasan ƙofa ana ganin ɗan haskenta.

Ban canza ko harafi ɗaya a ƙunshin ba. Ya koma Zariya da wayar a aljihun gaba, kuma yaran shagonsa sun ce yanzu da hantsi yakan bar ciniki ya shige bayan dilolin yadi. Ban san iya kwanakin da kunya za ta riƙe Inna ba. Ciwon bai tsaya ba, yana ci gaba da ci, wata safiya zai iso nan ma. Jiya sai da ya faɗa sau uku kafin ta ce to. Kowace safiya ina ofis a Doka da waya a hannu, ba na iya komai sai Anti ta rubuto mini cewa ta sha.

Abin da Kawu yake ce mata duk shekarun nan, ba wanda ya sani. Anti tana fita, mai shayi yana tsallaken titi, gilashi a rufe. Ita kaɗai ta ji, ita kuma ba ta riƙe ba. Na shiga motar sau ɗaya na ja gilashin na zauna, ko kujerun sun adana wani abu. Sai ƙarar ruwa a kan rufi, da 'ya'yan dalbejiya suna faɗowa.

Ya Allah, ga bawanKa da ya kai ruwan maƙwabta inda fushinsa ba zai kai ba, ya ɓoye tausayinsa don kunyar 'ya'yansa. Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka bar wa Inna wannan "to" ɗin gobe ma. Saƙon da ta fara ba ta ƙarasa ba kuwa, Kai Ka ji sauransa, Ka isar masa.